Lambar Jamus da Tokar Kasko

Ina da wata huɗu a gidan miji lokacin da abin ya faru. Gidan ba irin wanda na sani a Kano ba ne. Ɗaki biyu ne da falo a hawa na goma sha ɗaya, a unguwar Sri Petaling, can ƙasar waje a gabashin duniya, inda idan na leƙa taga ba na ganin komai sai rufin gidaje da layin jirgin ƙasa da hadarin da ke haɗuwa kusan kullum bayan azahar. Mijina yana karatun digiri na uku a fannin tarihi. Yaya nake kiransa tun kafin aure, don ɗan ƙawar mahaifiyata ne. Ni kuwa aikina girki da gyaran gida da jiran dawowarsa.

Da littattafan soyayya na taso, irin waɗanda muke haya a bakin kasuwa mu ɓoye a cikin littafin lissafi. A cikinsu na koyi aure. A can miji yakan yi tafiya, ya dawo ya tarar amarya ta sauya masa gida, komai yana ƙyalli yana ƙamshi, sai ya tsaya a bakin ƙofa da jaka a hannu ya rasa abin faɗa. Ina son in ga Yaya ya tsaya haka, ko da sau ɗaya ne.

Yaya yana da wani akwatin katako mai murfin gilashi da yake ajiyewa a saman kantar littattafai. A ciki akwai maɓallan rigunan sojan Jamus guda shida, da kan bel ɗaya, da wata lambar ƙyalle ta kafaɗa. Kakan mahaifinsa ya yi soja a zamanin Turawa, an kai su duwatsun Kamaru sun gwabza da Jamusawa, bai dawo da komai ba sai ɗingishi da labarai. Tun Yaya yana yaro labaran suka shiga ransa, da ya girma sai ya fara tara kayan waɗancan mutanen da kakansa ya hango daga bayan dutse. Yakan ce mini wannan harka cike take da jabu, na bogi sun fi na gaske yawa, har masana ma ana yi musu sakiyar da ba ruwa. Ina saurarensa da rabin kunne, ina kallon yadda idonsa ke haske.

Abin da ya daɗe yana nema shi ne lambar yabo ta ƙarfe, mai siffar kuros, wadda ake ba sojansu a yaƙin duniya na farko. Amininsa ne ya samo masa. Wani Bazazzage ne, tun makarantar kwana suke tare, yana zaune da matarsa tasha biyu daga gidanmu. Ya je taro a Jamus, Yaya ya ba shi saƙo, ya shiga shagon masu tsofaffin kaya ya turo hotuna gaba da baya. Yaya ya kai hotunan wa wani tsohon Basine mai gyaran agogo a unguwar Brickfields, wanda masu tara irin waɗannan kaya ke ɗauka alƙalinsu. Tsohon ya duba ya ce a saya.

Ranar da aminin ya kawo ta, Yaya yana haɗa kaya, washegari zai tafi garin Penang duba tsofaffin takardu na kwana huɗu.

"Ga kayanka nan, Bakano," ya ce yana miƙa ƙaramin kwali. "Ƙarfe mai tsatsa. Da kilishi ka aike ni da na gane."

"A Jamus za ka samo kilishi? Kai dai Bazazzage ba ka taɓa yin wayo ba."

"Amarya, ki ji min bawana. Na tsallaka teku na yi masa dako, ko ruwa bai ce a ba ni ba."

Na kawo musu zoɓo ina dariya. Yaya ya buɗe kwalin a tsaye, ya juya lambar sau biyu a tafin hannunsa, ya ce Masha Allah, ya sa ta a akwati ya rufe. Ya ce idan ya dawo zai zauna da ita sosai, kuma zai kai wa tsohon ya gani da idonsa.

Kwana na biyu da tafiyarsa na gama goge duk abin da ke goguwa a gidan. Na wanke labulaye, na sauya wa kujeru wuri, na turara ɗakuna. Daga nan idona ya kai kan akwatin. Na sauko da shi, na ɗaga gilashin. Maɓallan ba su dame ni ba. Lambar ce ta tsaya min a rai. Gefenta azurfa ce da ta dushe ta koma ruwan toka, tsakiyarta kuwa baƙi ƙirin, kamar gindin tukunyar da aka yi shekara ana ɗorawa a murhun itace. A gidanmu mace ba ta barin ƙarfe haka. Mahaifiyata tana juya tukunya ta duba gindinta kafin ta duba fuskar mai ita. Na ce a raina, shekara ɗari ba wanda ya tausaya wa abin nan.

Ba murhu a hawa na goma sha ɗaya, amma akwai kaskon turaren wutana. Na kwashe tokar gawayin a faranti, na matse lemon tsami biyu, na ɗauko soson waya. Na zare ƙyallen da ke jikin zoben lambar, baƙi mai ratsin fari, na ajiye gefe don kada ya jiƙe. Na zauna a ƙasan kicin na yi ta dirza ina waƙa. Baƙin ya yi taurin kai, amma na fi shi. Ya fita daga jikin kambin da ke sama, ya fita daga harafin tsakiya, ya fita daga shekarar da ke ƙasa. Da na ɗauraye ta na ɗaga ta wajen taga, tana ɗaukar ido kamar sabon cokali. Na riga na ji muryar Yaya a kunnena yana cewa, wa ya koya miki wannan?

Da safe na je dubawa, sai na ga tsakiyarta ta yi ja. Tsatsa ce ta feso a dare ɗaya, don iskar garin nan ruwa ce tsantsa. Na goge, kafin la'asar ta dawo. A nan ne na yi abin da ya kamata in fara yi, na ɗauki waya na nemi hotunan irin lambar. Duk baƙaƙe ne. Kowace ɗaya. Baƙin fenti ne, da shi aka yi ta, kuma masu tarawa suna rubuta cewa wanda ya goge shi ya kashe lambar. Na karanta wannan jimlar sau uku. Na kife wayar.

Da na kira Yaya a lokacin, da komai ya ƙare da faɗa na kwana ɗaya. Amma a duk abin da na karanta ban taɓa cin karo da amaryar da ta kira miji ta ce na lalata maka abin da ka fi so ba. Na kasa. Na tuna ya taɓa nuna min wani tsohon kanti daga tagar jirgi, ya ce ranar Asabar da Lahadi masu tsofaffin kaya na baza haja a ƙasansa. Washegari Asabar ce.

Ban taɓa shiga jirgin ni kaɗai ba. Na sauka a tashar da ba ita ba, na koma, na tambayi wata mata da Turancina na makaranta. A ƙasan kantin na bi tebur bayan tebur, tsofaffin kuɗi da faifai da kwanukan tangaran, har na iso gun wani mutum mai hular soja a gabansa da kwando cike da lambobi. Akwai irin tawa sun fi goma, baƙaƙe, masu kyau.

"Na gaske ne?" na tambaye shi.

Ya yi dariya, ya amsa da lah ɗin nan da mutanen garin ke liƙa wa ƙarshen magana. "Kwafi ne lah, 'yar'uwa. Na ado. Na gaske ba ya zama a kwando."

Bai yaudare ni ba, wannan zan faɗa har gaban kowa. Na zaɓi wadda ta fi kama da tsohuwa. A gida na zura mata ƙyallen asali a zobe, na kwantar da ita a akwati daidai inda ɗayar take. Ta gasken na shafa mata man girki, na naɗe ta a ɗankwali, na tura ta ƙasan akwatin lefena.

Yaya ya dawo ranar Lahadi da yamma. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya shaƙi ƙamshi, ya ce, "Kai, amarya, gidan wa na shigo?" Abin da na yi ta jira ke nan, kuma ban ji daɗinsa ko kaɗan ba. Ya leƙa akwatin ta saman gilashi ya yi murmushi ya wuce wanka. Na zuba masa abinci, ya dubi fuskata ya tambaye ni ko zazzaɓi ne.

Ranar Laraba ya ce in shirya, zai kai ni in ga tsohon. Na ce kaina na ciwo. Ya ce ai ke kika ce ba na shigar da ke duniyata. Gaskiya ne, na faɗa, da shagwaɓa, makonni kafin nan.

Shagon ɗan ƙarami ne, tsakanin mai sayar da furannin ibada da wani gidan abinci. Agogo sun cika bango, kowanne da lokacinsa. Tsohon siriri ne, da farar singileti, da gilashin masu gyaran agogo rataye a wuya. Ya ba ni kujera, ya ce wa Yaya, "To, ɗan Afirka, mu ga jaririyar."

Ya shimfiɗa ƙyalle, ya ɗora lambar. Bai ma sa gilashin ba tukuna. Ya ɗaga ta, ya auna nauyinta a yatsu biyu, ya kai ta kunne ya girgiza. Ya ɗauko ɗan maganaɗisu daga aljihun tebur ya kusanta shi da tsakiyarta. Bai kama ba. Ya sake. Bai kama ba.

"Maganaɗisu shi kaɗai ba ya yanke hukunci," ya ce a hankali. Sannan ya sa gilashin a ido ya bi gefenta. Ya yi wa Yaya bayani, ni ma ina ji. Ta gaske gida uku ce: zuciyar baƙin ƙarfe a tsakiya, da azurfa biyu gaba da baya da aka haɗe suka riƙe ta, don haka akwai layin haɗi siriri a gefe. Wannan kuwa zubi ɗaya ce, kamar kwabo.

Yaya ya ce, "Amma kai ka ga hotunan. Kai ka ce a saya."

"Ba ni hotunan."

Tsohon ya riƙe wayar a hannu ɗaya, lambar a ɗaya. Ya nuna wani ɗan wuri a reshen ƙasa inda fenti ya ɓantare a hoto. A ta hannunsa ba ɓantara. Ya shafa ƙyallen zoben da babban yatsa, ya shinshina shi.

"Ta hoto ta gaske ce. Ƙyallen nan ma na gaske ne, shi ne na hoton. Wani ya cire shi daga waccan ya sa wa wannan. Ba kuskure ba ne lah. Wanda ya yi ya san abin da yake yi."

Agogon bango suna ta bugawa. Na kama gefen kujera. Na buɗe baki, wallahi na buɗe, sai tsohon ya juyo ya tambaye ni ko zan sha shayi, na ce a'a na gode.

Muka shiga jirgi ni da Yaya, muka wuce tasha huɗu. Sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Aminin nan nawa ya turo min hoto daga ɗakin otal bayan ya saya. Ita ce, da ɓantarar. Daga nan ba wanda ya taɓa ta sai shi sai ni."

Ko lissafa ni bai yi ba. A wurinsa ni ba mai taɓa akwati ba ce.

"Ƙila a filin jirgi aka canza," na ce.

"Wane ma'aikacin filin jirgi ne ke yawo da jabun lambar Jamus a aljihu?" Ya dubi taga. "Ya taɓa ce min in ya samu mai saye zai fara harkar. Na ɗauka wasa ne."

Kwana uku suka biyo baya, kuma su ne mafi tsawo a aurena. Aminin ya kira, Yaya ya kifa wayar. Ya turo saƙo mai tsokana, Yaya ya karanta ya ajiye. Ranar Juma'a Yaya ya sauya masallaci don kada su haɗu. Matar aminin, wadda ita kaɗai ce ƙawata a garin, ta kira ni ta ce, "Wai me ke faruwa ne? Maigidan ya ce naki ya daina ɗaga masa waya." Na ce karatu ne ya yi masa yawa. Bayan na kashe wayar na shiga ɗaki na buɗe akwatin lefe, na taɓa ɗankwalin, na rufe. Sau nawa na yi haka ban sani ba. Kowace safiya nakan ce yau zan faɗa bayan ya karya. Bayan ya karya in ce bari ya dawo. Ina ta lallashin kaina cewa maza ne, za su shirya da kansu, abin zai bi ruwa. Amma ina kallon Yaya yana rama a gabana, yana zaune da littafi a buɗe ba ya juya shafi. Shekara ashirin na abota nake ci da cokali ina kallo.

Ranar Asabar da hantsi aka buga ƙofa. Shi ne, da ledar roti, wata irin gurasa, da ya yo tapau daga shagon mamak, masu shayin ƙasan gidanmu, wato ya sa an ƙunsa masa ya taho da shi.

"Amarya, bawan nawa yana nan ko ya gudu?"

Yaya ya fito. Ba su tafa ba. Na karɓi ledar na shige kicin, na jingina da bango inda nake jin komai.

"Lafiya? Kwana uku kana guduna kamar mai kuturta."

Na ji ƙarar murfin gilashi, sannan ƙarar ƙarfe a kan tebur.

"Wannan ce ka sayo min?"

"Ita ce mana. Ko ta yi ƙanƙanta?"

"Jabu ce. An kai ta an duba. Ba ita ce ta hoton ba."

Sai muryar aminin ta sauya, wasan ya fita daga cikinta gaba ɗaya. "Me kake nufi?"

"Ban nufi komai ba. Tambaya nake. Daga hannunka sai nawa."

"Ni? Ni kake tambaya?" Na ji ya miƙe, kujera ta ja ƙasa. "Ni da na ɗauki gawar mahaifinka da kafaɗata? A kan ƙarfe?"

"Da ka ce kana so, da na bar maka."

"Innalillahi. To. Ina da alwala. Ɗauko Alƙur'ani."

"Ba sai an kai nan ba."

"An kai. Ɗauko shi in dafa, in ba haka ba ƙafata ba za ta ƙara taka gidan nan ba. Amarya! Kawo min Alƙur'ani!"

Ni ya kira. Ni zan ɗauko Littafin da hannuna in miƙa wa mutumin da bai yi komai ba ya dafa, ina tsaye na san gaskiya. Ƙafafuna suka ɗauke ni, ba falo ba, ɗaki. Na zaro ɗankwalin. Na fito na durƙusa a gaban teburin na warware shi. Tana nan tsirara, fara, da jan tsatsa a lungunan kambi, tana warin man gyaɗa.

Na faɗa duka, kaina a ƙasa. Toka da lemon tsami da soson waya, da jirgin da na ɓata a ciki, da mutumin kwando, da ƙyallen. Ban yi kuka irin wanda na zata zan yi ba. Muryata ta fito a bushe.

Yaya ya ɗauki lambar ya juya ta. Ya daɗe yana kallonta. "Da toka," ya ce.

Aminin ya koma ya zauna. Na jira ya yi min faɗa, ko ya yi dariya, don mutum ne mai dariya. Ya ce, "Tashi, amarya. Ke tsoro kika ji, na gane. Matata ta taɓa wanke min takardun bincike a aljihun wando ta ce ɓera ne." Ya juya ga Yaya. "Kai ne ban gane ba."

"Ka yafe min. Wallahi shaiɗan ne."

"Kwana uku kana da lambar wayata. Ba ka kira ka ce, kai, abin nan da ka kawo akwai matsala, zo mu duba ba. Ka zauna ka yanke hukunci kai kaɗai."

"Na yi kuskure."

"Na yafe." Ya miƙe ya gyara hularsa. Na ce ya tsaya ga shayi, ya ce ya karya. Yaya ya raka shi har bakin lif, na ji su suna magana ƙasa-ƙasa, ba dariya ko ɗaya.

Yaya bai ɗaga min murya ba, ranar ko bayanta. Da ya dawo ya zauna a inda aminin ya tashi, ya ce, "Fentin ba ya dawowa, wannan na haƙura. Amma kin zauna kusa da ni a jirgi ina zargin mutum, kika ce ƙila filin jirgi ne." Ya tashi ya shige ɗaki. Mun yi mako biyu muna gaisawa kamar maƙwabta kafin ya fara cin abinci a faranti ɗaya da ni kuma.

Washegarin ranar da abin ya fashe ni na matsa muka je gidan aminin, na durƙusa na ba shi haƙuri a gaban matarsa. Ya ce ya wuce, kada in ƙara tayar da maganar. Muna zuwa suna zuwa har muka gama zamanmu a ƙasar. Da na haihu shi ya yi ta zirga-zirgar asibiti da motar haya, shi ya yanka ragon suna. Duk wanda ya gan su zai ce aminai ne, kuma aminan ne.

Wata shida bayan wannan rigima aka sake tura aminin taro Turai. Muka je sallama. Yaya ya yi ta juya kofin shayi, sannan ya ce da ɗan murmushi, in ya ga wani abu a can, ko maɓalli ne, ya sayo masa.

"Ka yi oda ta gidan waya, Malam," in ji aminin. "Suna kawowa har ƙofa."

Matarsa ta tashi ta ce bari ta duba tukunya, na bi ta.